WA KE DA IKON ZAƁEN CEFANEN MATALAUCI? MUHAWARAR LEMON KWALBA DA TIKITIN ABINCI A AMURKA



1. Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kai yau wata muhawara ce da aka daɗe ana yi a ƙasar Amurka, wadda ta ɗauki sabon salo a shekarar 1964, ta lafa, ta sake tashi, har ta kai ga zama doka a wasu jihohi a farkon 2026. Tambayar da ake jayayya a kanta ita ce: idan hukuma ta ba matalauci taimako don ya sayi abinci, shin tana da ikon hana shi sayen lemon kwalba da alewa da sauran kayan ƙwalam da maƙulashe da wannan taimako?

Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa malamin Hausa da wannan batu, alhali ga likitoci ga masana tattalin arziki. Amsa ita ce, duk wanda ya bi muhawarar a hankali zai ga cewa rabinta gardama ce a kan ma'anar kalmomi: mene ne abinci, mece ce alewa, kuma shi wannan taimako kyauta ce, ko sadaka, ko kuwa hakki. To, auna kalmomi sana'armu ce. Zan fara da tarihin shirin, in kawo hujjojin ɓangarorin biyu, sa'an nan in faɗi inda ra'ayina ya karkata.

2. Asalin shirin tikitin abinci

An fara wannan shiri a watan Mayu na 1939 a birnin Rochester na jihar New York, lokacin da karayar arziki ta bar miliyoyin mutane ba aikin yi, manoma kuma na fama da rarar amfanin gona ba masaya. Dabarar ita ce, mabukaci zai sayi tikiti ruwan lemo na dala ɗaya, sai a ƙara masa shuɗin tikiti na rabin dala kyauta. Da na ruwan lemon yana iya sayen kowane irin abinci, amma shuɗin ba ya sayen komai sai abin da Ma'aikatar Aikin Gona ta ce ya yi rara. Watau tun ran gini tun ran zane, shirin yana bautar iyayengiji biyu ne: cikin mayunwaci da aljihun mai sayar da abinci. A riƙe wannan, domin za mu komo kansa. An dakatar da shirin a 1943 da yaƙi ya samar wa mutane aiki.

Shugaba John Kennedy ya farfaɗo da shi a matsayin gwaji a 1961, aka fara da gundumar McDowell ta jihar West Virginia, ƙasar mahaƙa kwal. A 1964 kuma Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta tabbatar da shi. A nan ne lemon kwalba ya fara shiga zancen. Daftarin da Majalisar Wakilai ta amince da shi ya hana sayen lemon kwalba da abincin alatu, kuma Sanata Paul Douglas na jihar Illinois ya yi ta jayayya cewa lemon ba ya gina jiki ko kaɗan. Amma dokar da ta fito daga ƙarshe ta bar mutane su sayi duk abin da ake ci ko ake sha, in ban da barasa da wasu kayan da ake shigowa da su daga waje.

Daga nan shirin ya yi ta sauya kama. Dokar 1977 ta soke sharaɗin sai mutum ya biya kafin a ba shi tikiti. Zuwa 2004 an maye gurbin takarda da kati irin na banki a duk faɗin ƙasar, abin da ya rage kunyar da mabukaci ke ji a gaban mai kanti. A 2008 aka raɗa masa sunan da ake kiransa da shi a taƙaice, SNAP, wanda ma'anarsa shirin ƙarin taimako don abinci mai gina jiki. A shekarar 2024 mutane wajen miliyan 42 ne suke karɓar wannan taimako a kowane wata, watau mutum ɗaya cikin kowane takwas na Amurkawa, kuma kusan biyu daga cikin kowane biyar nasu yara ne. Kuɗin da aka kashe a wannan shekara ya kai wajen dala miliyan dubu 100. Yawan kuɗin na da ban tsoro, amma idan aka raba, abin da ke zuwa wa mutum ɗaya bai wuce kimanin dala 6 a rana ba.

Ya kamata a sani cewa katin bai taɓa zama sakaka ba. Ba a sayen barasa ko taba da shi, ba a sayen sabulu ko magani, kuma bisa ƙa'ida ba a sayen dafaffen abinci mai zafi. Saboda haka shekara da shekaru uwa na iya cika kwando da lemon kwalba ta biya da katin, amma gasasshiyar kaza mai zafi da ke kanti guda ta fi ƙarfinta.

3. Yadda hani ya zama doka

Jihohi su ke gudanar da shirin, amma Gwamnatin Tarayya ke da ikon faɗin abin da ya halatta a saya, don haka jihar da ke son ta sauya ƙa'ida sai ta nemi izini na musamman daga Ma'aikatar Aikin Gona. Jihar Minnesota ta nemi hana alewa da lemon kwalba a 2004, aka ƙi. Magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya nemi a yi gwajin shekara biyu a 2010, aka ƙi a 2011, bisa hujjar cewa gwajin ya cika girma da sarƙaƙiya, kuma ba a tanadi sahihiyar hanyar auna sakamakonsa ba. Jihar Maine ma ta nema fiye da sau ɗaya, aka ƙi a zamanin Shugaba Obama, aka sake ƙi a 2018 a zangon farko na Shugaba Trump. Watau gwamnatocin jam'iyyun biyu duk sun taɓa cewa a'a.

A 2025 ne iska ta juya. Sakataren Lafiya Robert Kennedy ƙarami, da Sakatariyar Aikin Gona Brooke Rollins, suka gayyaci gwamnoni su kawo bukatunsu. A watan Mayu aka ba jihar Nebraska izini na farko, na hana lemon kwalba da lemon ƙara kuzari. Kafin shekarar ta ƙare jihohi 18 sun sami irin wannan izini, kuma ran 1 ga Janairu, 2026, hanin ya fara aiki a biyar daga cikinsu: Indiana, Iowa, Nebraska, Utah da West Virginia. Abin lura, jihar da aka farfaɗo da shirin a cikinta a 1961 tana cikin na farkon da suka taƙaita shi.

4. Hujjar masu goyon bayan hani

Bai kamata mu raina hujjar waɗannan mutane ba, domin tana da ƙarfi. Gwangwani ɗaya na Coca-Cola mai mililita 355 yana ɗauke da sukari giram 39, kusan ƙaramin cokalin shayi goma ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da baligi zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, in ma da hali ya tsaya a 25. Gwangwani guda ke nan ya kusa cinye rabon yini. Daɗin daɗawa, sukarin da aka kwankwaɗa a ruwa ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, don haka mutum zai sha ya kuma ci abincinsa cif. A Amurka wajen mutum biyu cikin kowane baligai biyar suna da ƙiba mai cutarwa, kuma ƙididdigar 2021 ta nuna masu ciwon sukari sun kai miliyan 38.

Sai kuma binciken da Ma'aikatar Aikin Gona ta fitar a 2016, wanda ya duba cinikin wani babban kamfanin kantuna na shekarar 2011. Ya nuna cewa a gidajen da ke amfani da katin, lemon kwalba shi ne abu guda da ya fi cin kuɗi, kuma abin sha mai zaƙi baki ɗaya ya ci kashi 9 da 'yan kai cikin ɗari na kuɗin cefane. Masu goyon bayan hani suka ce: ga shirin da sunansa ma ya ambaci gina jiki, ga hukuma na biyan kuɗin lemo da hannun dama, tana biyan kuɗin asibiti da hannun hagu. Riga-kafi ya fi magani. Suka ƙara da cewa akwai wani shirin, mai suna WIC, na mata masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara, wanda tun farkonsa a shekarun 1970 aka lissafa abin da za a saya da shi, kamar madara da ƙwai, kuma ba a ce an ci mutuncin kowa ba.

5. Inda hujjar ta yi rauni

Rauni na farko yana cikin binciken nan na 2016 shi kansa. Gidajen da ba sa karɓar taimako su ma sun kashe kashi 7 cikin ɗari a kan abin sha mai zaƙi. A ɓangarorin biyu, wajen kashi 20 na kuɗin cefane ya tafi ga abin sha mai zaƙi da alewa da sauran kayan ƙwalama, wajen kashi 40 kuma ga nama da madara da ƙwai da burodi da ganyaye da 'ya'yan itace. Ashe cutar ta gari ce baki ɗaya, amma aka zaɓi gida ɗaya aka kafa masa dokar.

Rauni na biyu lissafi ne. Taimakon ƙari ne a kan abin da mutum ke da shi, kuma yawancin gidajen suna haɗawa da kuɗin aljihunsu kafin wata ya ƙare. Mu ɗauki misali na ƙiyasi: gidan da ke samun dala 500 a kati, yana ƙara dala 300 nasa, yana shan lemon dala 40. Idan aka hana, uwargida za ta biya kuɗin lemon daga cikin dala 300 ɗin, ta sayi shinkafa da katin. Kwandon da ta kai gida bai sauya ba, sai dai ta biya harajin ciniki a kan lemon in jiharta na karɓa. Wanda hanin zai taɓa sosai shi ne wanda ba shi da ko anini ban da katin, watau mafi talauci a cikin matalauta.

Rauni na uku shi ne wanda ya fi kusa da fagenmu, watau ma'anar kalma. Mece ce alewa? A dokokin harajin jihohi da dama, abin da aka sa masa fulawa ba a lissafa shi cikin alewa. Bisa wannan ma'ana, Kit Kat da Twix sun tsira domin akwai biskit a cikinsu, amma zallar cakulan ta faɗa cikin haramci, alhali duk zaƙi ne. Ina za a sa shayi mai sukari na kwalba? Ina za a sa ruwan 'ya'yan itace da aka tsinka aka zuba wa sukari? Tun a 2007 Ma'aikatar Aikin Gona ta yi nuni da cewa kayan abincin da ke kasuwa sun haura iri 300,000, kuma babu wani ma'auni da kowa ya yarda da shi na raba mai kyau da maras kyau. Ga shi kuma kowace jiha ta zo da nata jerin, har abin da ya halatta a wannan gari ya haramta a maƙwabcinsa. Nauyin tantancewa ya koma kan mai kanti, kunyar kuma ta koma kan uwar da na'ura za ta ƙi kayanta a gaban layin mutane, irin kunyar da aka kawo kati don a kawar.

Rauni na huɗu kuwa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun shekarun 1980 yawancin lemon kwalban Amurka da zaƙin da ake tatsa daga masara ake yin sa, masarar kuwa tana cikin amfanin gonar da hukuma ta fi tallafa wa. Manomin da ya karɓi tallafi ba a tambayarsa inda masararsa ta tafi. Kamfanonin lemo suna tallarsu ba dare ba rana, ƙungiyarsu kuma ta daɗe tana kai gwauro tana kai mari a majalisu don kada a taɓa cinikinta. Unguwannin matalauta da yawa ba su da babban kanti mai sayar da ɗanyen kayan miya, sai ƙananan shaguna cike da gwangwanaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har wa yau, a shekarar nan ta 2025 da aka buɗe ƙofar hani da sunan lafiya, a cikinta ne majalisa ta zartar da dokar watan Yuli wadda ofishin kasafin majalisar ya ƙiyasta za ta rage wa shirin wajen dala miliyan dubu 186 cikin shekara goma, ta kuma yanke kuɗin sashen da ke koya wa masu katin yadda ake cefane da girki mai gina jiki. Dole mai hankali ya tambaya, lafiya ake nema ko ragin kashe kuɗi?

6. Kyauta, sadaka ko hakki

Yanzu bari mu zo ga gindin maganar. Hausa ta bambanta abubuwa uku da hannu ke miƙa wa hannu. Akwai kyauta, wadda ake yi don ƙauna ko girmamawa, kuma da zarar ta fita hannunka ba ka da sauran magana a kanta. Akwai sadaka, wadda ake ba mabukaci, mai bayarwa yana sama mai karɓa yana ƙasa. Akwai kuma hakki, wanda in aka ba ka ba a yi maka alfarma ba, naka ne aka miƙo maka. Ma'aikacin da ya karɓi albashi ko tsohon da ya karɓi fansho, ba wanda ke binsa kasuwa ya ga me ya saya, ko da yake kuɗin daga baitulmali suka fito.

Duk muhawarar Amurka a kan wannan rabe-rabe take juyawa, ko da ba su faɗa da wannan lafazi ba. Wanda ya ɗauki katin a matsayin sadakar masu biyan haraji, zai ga daidai ne a gindaya sharaɗi. Wanda ya ɗauke shi hakkin ɗan ƙasa da ya faɗa cikin ƙunci, wanda jiya shi ma ya biya haraji kuma gobe zai biya, zai ga sharaɗin a matsayin tuhuma: cewa talauci alama ce ta rashin tunani. Ni a ganina gaskiya tana tsakani, amma ta fi kusa da na biyu. Taimakon an ware shi don abinci, saboda haka hukuma tana da ikon faɗin iyakar abin da ake kira abinci, kamar yadda ta fitar da barasa tun 1964. Sai dai wannan iko yana da sharaɗi: ta nuna cewa hanin zai kawo lafiyar da aka yi alkawari, kuma ba a sami wata hanya da ta fi shi amfani da ƙarancin cin fuska ba.

7. Hanyoyin da aka gwada

Irin waɗannan hanyoyi kuwa akwai su. A 2011 zuwa 2012 an yi gwaji a gundumar Hampden ta jihar Massachusetts, inda duk wanda ya sayi ganyaye da 'ya'yan itace na dala ɗaya da katin ake mayar masa da santi 30. Waɗanda suka shiga gwajin sun ƙara cin waɗannan abubuwa da kimanin kashi 26 cikin ɗari. A 2016 kuma masana a Jami'ar Minnesota suka buga sakamakon wani gwaji da ya kwatanta hani shi kaɗai, da lada shi kaɗai, da haɗin biyun, aka ga haɗin ne ya fi gyara abincin mutane. Darasin a fili yake: in za ka karɓe wani abu daga kwandon mutum, to ka sa wani a madadinsa.

Hanya ta biyu ita ce a bi lemon kansa, a ƙyale aljihun da ya saye shi. Ƙasar Meziko ta sa harajin peso ɗaya a kan kowace lita a 2014, sayen lemon ya ragu da kimanin kashi 6 cikin ɗari a shekarar farko, kuma ragin ya fi yawa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Birtaniya ta bi wata dabara a 2018: harajin yana hawa gwargwadon yawan sukarin da ke cikin kwalba, sai kamfanoni da dama suka rage sukarin da kansu don su kauce masa. Gaskiya ne haraji ma ya fi yi wa matalauci nauyi. Amma doka ce guda ga mai kuɗi da maras shi, ba ta nuna kowa da yatsa a gaban kanta, kuma tana matsa wa mai sarrafa kayan ya gyara.

A nan ne batun ya taɓo mu kai tsaye, domin Nijeriya ma ta bi wannan hanya. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, aka fara karɓa a 2022. Da yake adadi ne tsayayye, tashin farashin kaya ya rage masa kaifi ƙwarai. Kuma duk lokacin da hukumominmu suka tsara rabon tallafi, ko na kuɗi ko na hatsi, tambayar nan ta kyauta, sadaka ko hakki tana nan tana jiransu.

8. Kammalawa

Jama'a, ba a jayayya cewa yawan shan lemon kwalba yana cutarwa, kuma wanda ya ce kada dukiyar jama'a ta tafi ga sayensa ba mugu ba ne. Abin da na yi ƙoƙarin nunawa shi ne, hani shi kaɗai magani ne mai rauni: ana iya zagaye shi da kuɗin aljihu, ma'anar abin da ya hana ba ta tsaya ba, kuma ya ɗora laifin gari a kan wanda ya fi kowa rashin murya. Izinin da aka ba jihohin nan na gwaji ne, na shekara biyu a karon farko. To, gwaji yana da alkali, alkalinsa kuwa sakamako. Abin da ya wajaba a auna shi ne ko yawan sukarin da gidajen nan ke sha ya ragu, ko ƙananan kantuna sun daina karɓar katin, ko kuma wasu mabukata sun janye saboda kunya. Idan sukari ya ragu ba tare da yunwa ta ƙaru ba, masu hani sun ci gari, sai a yi musu barka. Idan kuwa lemon yana nan ana sha sai dai da wani aljihu, to an sayi wulaƙanci ne da tsada.

Ga ɗalibanmu kuma, musamman masu nazarin harshe, ina fatan kun ga cewa fassara kalma ɗaya kamar alewa ko abinci a cikin doka tana iya sauya abin da yara miliyoyi za su tarar a gida. Saboda haka kada ku ɗauki aikin ma'ana wasa.

Shugaba, a nan zan dakata, in bar fili ga masu tambaya da masu gyara.